Tulun da Yaya Yake Runguma

Ni dai ban taɓa son kiɗan Turawa ba, kuma har yau da furfura ta fara cin kaina ban canza ba. In na shiga keke napep yaro ya sake mini wannan hayaniyar tasu, sai in ce ya kashe ko in sauka, kuma ina sauka ɗin. Amma akwai wani kaset guda ɗaya da ban san sunansa ba, ban san waɗanda suka yi shi ba, ban ma san ƙasarsu ba, wanda in da za a ce mini yau akwai irinsa a Legas, wallahi gobe da safe ina tasha. Kaset ɗin yayana ne.

Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta, na tsakaninmu duk sun koma tun suna ƙanana. Tun yana saurayi yake aiki a injin casar shinkafa a nan Lafiya. Duk wanda ya taɓa shiga layin injinan nan ya san ba a magana a wurin, sai ihu da nuni da hannu. Shekara da shekaru yana tsaye a gefen inji, dusa har cikin gashin ido, har kunnensa ya fara tafiya. Kuma ba lokaci guda ya tafi ba. Siraran sautuka ne suka fara guduwa: kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kwano, sai muryar mata. Muryar namiji mai kauri yana ɗan kamawa, tsawa ma yana ji. Ni kuwa da Allah ya yi ni da murya kamar usur, sai in tsaya a gabansa in yi ta zuba, shi bakina kawai yake kallo. A asibiti suka ce jijiya ce, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma bin sa zai yi.

Mai injin ya sallame shi ranar da bel ɗin injin ya tsinke ana ta yi masa ihu bai ji ba, saura ƙiris ya tafi da hannunsa. Matarsa ta yi haƙuri iya nata, daga baya ta ce ta gaji da zama da bango, ta kwashe kayanta ta koma wurin iyayenta a Obi. Na zage ta, ba zan ɓoye ba, amma a raina na san ba ƙarya ta yi ba. Mutum ne da a da in yana ba da labari sai an riƙe ciki, ya koma yana wuni a kan benci a ƙofar gida bai ce uffan ba.

Lokacin ni ma aurena ya mutu, na dawo gida da keken ɗinkina. Mu uku ne a gidan: ni, da shi, da Inna mahaifiyarmu. Kakanninmu daga can Arewa suka zo da fatauci, suka zo da al'adarsu ta kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna tana son sa a gaban kowa. Inna ta riƙe wannan abu da ƙarfin da ko a can inda aka ƙirƙiro shi ba na jin ana riƙe shi haka. "Wancan" take ce masa. In ta sauke tuwo, "Ke, kai wa wancan." In ya kwana da zazzaɓi ni za ta tambaya ko wancan ya tashi, alhali ga shi nan zaune a tsakar gida. Da kunnensa ya tafi sai ya zama kamar ba abin da ya canza tsakaninsu, tunda dama ba magana suke yi ba. Amma ina kama ta tana leƙensa ta gefen labule, goro a bakinta ta manta da taunawa.

Muna da maƙwabci, direba ne, mutumin Eggon, aikinsa zuwa Kwatano ɗauko wa dillalai motocin nan na hannu da ake ce wa Beljiyam. Wata rana da la'asar, a shekarun da kowa ya fara rataya wayar salula, ya faka wata mota a gaban gidanmu ya buɗe ƙofofinta duka yana gwada rediyonta. Na ji wani irin gurnani yana shigowa har ɗaki, tagar langa-langa tana rawa. Na fito da masifata.

"Oga direba, saniya kake yankawa a ƙofar gidanmu?"

Ya yi dariya ya ce, "Anti, ba laifina ba. Kaset ne na samu a cikin motan. Ya mutu, yana ja kamar batir ya ƙare. Na sa shi a wani mota ma, haka ne."

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan jan. In batir ya yi sanyi, mawaƙi sai ya koma kamar mashayi, kiɗa ya yi nauyi yana jan ƙafa. Haka wannan yake, ni ma na yarda lalatacce ne. Direba ya miƙa hannu zai kashe, sai na ga Yaya ya tashi daga kan bencinsa. Ya tako har jikin motar, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar inda sifika take. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, da ƙarfi yadda kurame suke magana, "Mene ne wannan? Kar ka kashe."

Rabon da in ji ya tambayi wani abu har na manta.

Direban nan mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Bai bar wa Yaya kaset kaɗai ba, sai da ya haɗo masa da tsohuwar rediyon mota da wani batir da ya gama aiki a hanya amma yana ɗaukar caji. Ya kawo sifika babba, ya ce a ba shi tulu. Haka samari suke yi a lokacin: a kifa sifika a bakin tulun ƙasa a ɗaure da roba, sai sautin ya yi kauri ya yi zurfi. Inna ta ce in ba da tulun da ke bayan ɗakin girki. Daga ranar, kullum bayan la'asar Yaya zai zauna a kan tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ya saka tulun tsakanin ƙafafunsa, ya rungume shi a ƙirji, ya danna.

Kekena a baranda yake, don haka ko ina so ko ba na so sai na ji. Da farko tsaki nake yi. Abu ne da yake farawa da wani ƙugi can ƙasa-ƙasa, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa a hanyar Makurɗi ta ƙi isowa. Sai a taɓa tsirkiyar jita guda ɗaya, a bar ta ta yi ta amo har ta mutu, kafin a sake taɓa wata sai ki ɗauka sun tashi sun tafi. Ganga tana shigowa a hankali, bugu ɗaya, a jira, bugu ɗaya. Ni mai gajen haƙuri sai in ji kamar in shiga cikin tulun in tura su. Ana haka, ana haka, abin yana taruwa ba ki lura ba, sai kawai komai ya faɗo a tare, kamar katangar ƙasa ta zube da damina. A cikin wannan rugugin akwai muryar wani namiji can ciki yana kururuwa, ba a gane ko kalma ɗaya. Da farko na ɗauka faɗa yake yi. Da na saba sai na gane ba faɗa ba ne, murya ce irin ta wanda ya yi kuka har maƙogwaro ya dushe bai gama ba. Daga nan sai abin ya lafa, ya koma wannan tsirkiya guda ɗaya, amma yanzu in an taɓa ta sai ki ji ta a haƙarƙari.

Ban san ranar da na daina tsaki ba. Na dai wayi gari in an zo wurin da katangar za ta zube sai in ɗage ƙafa daga kan keke in jira. Ni ma a lokacin ina da abin da ke cina wanda ba na faɗa wa kowa, mace ta dawo gidansu ba ɗa ba jika. Waƙoƙinmu duk rarrashi suke yi, ko su ce ki yi haƙuri, ko su ce ki tashi ki yi rawa. Wannan bai ce mini komai ba. Zama yake yi da ni kawai, da nauyinsa, kuma na ji sauƙin hakan.

A ɗaya gefen kaset ɗin akwai inda wata mace take rera wani abu siriri a saman rugugin. Yaya bai san da ita ba. Na nuna masa da hannu, na kama ɗankwalina, na nuna baki, na nuna sama. Ya ce, "Mace? A ina?" Na jira ta shigo na taɓa kafaɗarsa. Ya girgiza kai, ya yi 'yar dariya. Sai ya jawo hannuna ya ce in zauna in rungumi tulun. Ikon Allah! Ashe akwai wani abu a ƙarƙashin duk abin da nake ji, wani bugu mai nauyi da yake tafiya shi kaɗai, kunne ba ya kama shi sai ƙirji. Ashe kullum rabi nake ji, shi ma rabi.

Ya ce, "Ba ja yake yi ba. Haka suka yi shi da gangan. Mutanen nan ba sa sauri. Wanda ya yi wannan ya taɓa wuni a gefen inji."

Wani ɗan bautar ƙasa da ya kawo mini kakinsa in rage masa ya tabbatar da hakan. Ya ce irin wannan kiɗan metal ake ce masa, wato ƙarfe, wannan kuma reshensa ne mai tafiyar hawainiya, amma bai san su waye ba. Rubutun biro da ke jikin kaset ɗin ya goge tun kafin ya zo hannunmu.

Unguwa kuwa ba abin da ba a ce ba. Wasu suka ce kiɗan aljanu ne, wasu suka ce na 'yan ƙungiyar asiri. Inna ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ita abin da ke damunta daban ne. Wata rana tana tsince wake ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Ke ba ki da kunne ne? Abin nan ya lalace. Kin zuba ido wancan yana rungume da lalataccen abu kamar wanda ba shi da kowa."

Na ce, "Inna, haka kiɗan yake."

"Haka yake? Wane mahaukaci ne zai zauna ya yi kiɗa haka? Batir ne ya kashe shi tun a ƙasarsu, shi ya sa suka yar."

Na ce to, na ci gaba da ɗinkina. Da wata uwar ce, taku nawa ne tsakaninta da gindin mangwaro? Sai ta je ta dafa shi ta tambaye shi da hannu. Amma Inna ko da wuƙa a wuya ba za ta yi haka ba.

Kunnen kuma yana ta tafiya. Ina ganin yadda yake ƙara murɗa maɓalli wata bayan wata. Aka yi wata tsawa da ta sa na saki almakashi, shi ko gezau. Ranar ya kalli tulun ya ce mini, "Wannan kaɗai ya rage. Ranar da na daina jin sa, an rufe ƙofa ke nan." Na ce ya kawo kaset ɗin in kai kasuwa a kwafa mana wani. Ya ƙi. Ya ce kaset ɗin ba zai fita daga gidan nan ba, kar na'urar wani ta cinye zaren.

Wata Juma'a na tafi Ashige kai ɗinkin biki. Yaya ya tafi masallaci, kuma in an sauko yakan biya layin injinan ya zauna da tsofaffin abokan aikinsa. Inna, wadda rabonta da kasuwa tun rasuwar Baba, ta yafa mayafi, ta zare kaset ɗin daga rediyo, ta hau acaɓa ta tafi rumfar wani mai rikodi. Daga baya na ji yadda aka yi. Ya saka ya saurara, ya ce, "Mama, wannan ya ja, amma zaren yana da kyau. Me za a ɗora miki?" Ta ce kukuma. Ashe tana tune da cewa yana yaro in mai kukuma ya zo biki a unguwa, bin sa yake yi har a neme shi a rasa. Ni ban ma san wannan ba. Ita da ba ta taɓa kiran sunansa ba, ta riƙe wannan shekaru arba'in da wani abu. Mai rikodi ya cusa takarda a 'yan ramukan da ke saman kaset ɗin, yadda ake yi in za a ɗora sabon abu a kan tsoho, ya danna.

Na dawo na tarar da ita a bakin ƙofar ɗakinta fuska a sake. Ta ce, "Na gyara wa wancan abinsa." Ta gaya mini abin da ta yi. Kafin in buɗe baki ya yi sallama ya shigo. Ita kuma ta shige ɗaki ta saki labule.

Ya zauna, ya rungumi tulu, ya danna. Kukuma ta tashi, siririya, tsiii, da muryar mawaƙi can sama, daidai irin sautin da ya fara guje masa tun shekarun baya. Ya jira. Ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Ya duba kan batir, ya goge, ya mayar. Ya manna kunnensa a jikin tulun, ya juya ɗaya kunnen. Sannan ya ɗago ya kalle ni, ya yi magana a hankali, abin da bai yi ba tun da ya kurumce.

"Ya tafi. Shi ke nan, ya tafi."

Kunnensa yake nufi. Wallahi ban taɓa ganin tsoro a fuskar babban mutum irin na ranar ba. Na yi sauri na zaro kaset ɗin na nuna masa takardar da aka cusa a ramukan. Ya gane nan take. Ya kalle ni, idonsa ya kaɗa. Na girgiza kai, ba ni ba ce. Na nuna labulen Inna da haɓa, na kwaikwayi mai goga kukuma. Ya kalli labulen ya daɗe. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na miƙe zan je in gaya mata garin neman gira ta rasa masa ido. Ya cafke wuyan hannuna har sai da na ji zafi. Ya ce, "Kul." Ya mayar da kaset ɗin, ya sake rungumar tulun.

Washegari na je na sauke wa mai rikodi kwandon masifa har mutane suka taru. Ya ce, "Hajiya, taimako fa na yi, abin ya lalace." Na ce kansa ne ya lalace. Ya ce abin da aka goge ba ya dawowa, kuma a nan gaskiya ya faɗa. Direba ya yi ta duba motocin da yake kawowa, bai sake samun irinsa ba.

Abu ɗaya ya tsira. Waƙoƙin mai kukuma ba su kai ƙarshen zaren ba. A gefe na biyu, bayan waƙar ƙarshe, sai a ji ƙwas, sai shuuu, sai ga tsohon ƙugin nan ya dawo. Wutsiyar kiɗan ƙarshe ce, inda gangar take bugawa da nauyi tana nisa tana nisa har ta ɓace. Ba ta kai ki tafasa ruwan shayi ba. Ranar da ya fara cin karo da ita na ga yatsunsa sun matse jikin tulun, ya sunkuyar da kai. Ni ma na tashi na shiga bayan gida don kar a ga fuskata.

Na nuna masa cewa ya riƙa tura zaren gaba kai tsaye zuwa wurin, ya huta. Ya ƙi. Kullum bayan la'asar daga farko yake sakawa, ya ƙare gefe ɗaya, ya juya, yana rungume da tulun da ba ya ba shi komai sai ɗan zizar ƙuda, yana jiran wutsiyar nan. Dalili kuwa yana bayansa. Tun ranar da kukuma ta shigo gidan, Inna ta fara fitowa da kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a tsakar gida, ta ba shi baya, tana tsince shinkafa tana kaɗa kai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun zauna kusa haka ba. Takan ce mini, "Kin gani? Yanzu ya sami abin ji." In wutsiyar ta zo kuma ta yi tsaki ta ce mai rikodin nan bai iya aiki ba, ya bar sauran datti. Ni dai sai in taka kekena da ƙarfi.

Ina lura da yatsunsa kullum. Wata damina ƙugin ya zo, na duba, yatsun ba su motsa ba. Washegari ma haka. Ban tambaye shi ba, shi kuma bai fasa ko rana ɗaya ba. Haka muka ci wata daminar, Inna tana kaɗa kai, shi yana rungume da tulu, har ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Ko a kwance sai ta ce in ɗage labule, wancan ya kusa saka abinsa.

Bayan an yi sadakar uku ɗinta, da la'asar, ya fito gindin mangwaro. Ya zaro kaset ɗin ya miƙo mini ya ce in ajiye. Na nuna kunnena, na nuna tulun, ina tambayarsa. Ya ce, "Na daɗe da daina ji. Ita ce take ji."

Ya kwance robar, ya cire sifikar ya ajiye a gefe. Ya wanke tulun ciki da waje, ya kai shi inda yake a da, bayan ɗakin girki, ya cika shi da ruwa.